Tsakanin sanin kai da son kai: taken Latin a ƙofar lakwal

Duk wanda ke zagaya unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya ga yadda makarantun kuɗi ke ta ƙaruwa, kowace da allonta a bakin ƙofa: suna, tambari, sai wani ɗan gajeren take a ƙarƙashi. Mafi yawansu da Faransanci ake rubuta su, amma nan da can sai ka ci karo da wanda ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba, ba kuma Larabci ba. Latin ne, harshen Rumawan dā. Haka abin yake a salular samarinmu da ƴanmatanmu. Yaro ɗan lise zai ɗora hotonsa a Facebook ko WhatsApp, ya rubuta a ƙasa «Nosce te ipsum» ko «Per aspera ad astra» ko «Memento mori». Na farko yana nufin «san kanka», na biyu «ta cikin wahala ake kaiwa ga taurari», na uku kuwa «tuna za ka mutu».

Na shafe shekara ashirin da ƴan kai ina riƙe da alli, kuma ina so in yi magana da ƴan uwana malamai da uwayen yara a kan wannan yayi. Ba na cikin masu cewa a goge su daga bango. Maganganu ne masu nauyi, wasunsu sun yi kusan shekara dubu biyu ko fiye suna yawo a bakin mutane. Abin da nake cewa shi ne, taken da yaro ke wucewa ta ƙarƙashinsa kowace safiya, bai san me yake nufi ba, ba kuma wanda ya taɓa zama ya warware masa, yana koya masa wani darasin da ba mu yi niyya ba: cewa hikima ita ce maganar da ba ya ganewa.

Me ya sa suke burge mu? Da farko dai gajeru ne. A Latin ƙarshen kalma shi ke nuna wa ya yi aiki, wa aka yi wa, da yaushe aka yi, don haka ba a buƙatar ƙananan kalmomi barkatai. «Docendo discimus» kalma biyu ce kawai, amma in za ka mayar da ita Hausa sai ka ce «ta hanyar koyar da wasu ne mu ma muke koyo». Magana gajera tana zama a ka, tana shiga allo, tana shiga bayan riga.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙarfi a ganina, Latin ba harshen gidan kowa ba ne yau. Ba uwar da ke yi wa ɗanta faɗa da shi. In ka ce wa saurayi ɗan shekara goma sha shida «yi haƙuri, bayan wuya sai daɗi», sai ya ji muryar kakarsa, ya ji an sake soma wa'azin da ya saba. Amma in ya tsinci wannan magana da kansa cikin wani tsohon harshe, ya nemi fassararta, sai ta zama tasa. Shekarun ƙuruciya shekaru ne na tambayar «wane ne ni, ina na dosa», kuma yaro ya fi riƙe amsar da ya tono da hannunsa fiye da wadda aka miƙa masa.

Na uku shi ne kwarjini. Mu da muka bi ta lakwal ta Faransanci mun san shafuka masu ruwan hoda da ke tsakiyar ƙamus ɗin Petit Larousse, wanda aka fara bugawa a 1905. A cikinsu aka jera maganganun Latin da fassararsu. A makarantar horon malamai da yawa daga cikinmu sun haddace kaɗan daga ciki don su yi wa rubutun jarrabawa ado, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. Manyan jami'o'in yankinmu ma sun bi wannan al'ada: Jami'ar Ibadan, wadda ta fara aiki a 1948, takenta «Recte sapere fons», ta Legon a Ghana kuma «Integri procedamus». Mai makarantar kuɗi da ya ɗora Latin a ƙofarsa yana aron wannan kwarjini ne, kuma ya san uba mai neman wurin da zai kai ɗansa zai gani ya ce, nan kam akwai ilimi.

Duk waɗannan dalilai na gaske ne, ba abin kunya a ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ka bi taken har gidansu, ka tarar ba abin da muke zato suke faɗi ba.

Ɗauki «Nosce te ipsum». Asalinta ma ba Latin ba ce, fassara ce daga Girkanci. An rubuta ta a ƙofar wurin bautar Afolo da ke Delfi, a ƙasar Girka, inda sarakuna da talakawa ke zuwa daga nesa don neman sanin abin da zai faru. Wani matafiyi mai suna Fausaniyas, wanda ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, ya ba da labarinta, tare da wata da ke kusa da ita mai cewa kada a wuce gona da iri. Ga mutanen wancan zamani, gargaɗi ce ga mai shiga: san iyakarka, kai mutum ne, mai mutuwa ne, kada ka ɗauki kanka abin da ba kai ba. Sokratis, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a birnin Atina a shekara ta 399 kafin miladiyya, ya ɗauke ta a kan wannan turba. Da aka ba shi labarin cewa a Delfi an ce babu wanda ya fi shi hikima, sai ya bi ƴan siyasa da mawaƙa da masu sana'a yana yi musu tambayoyi, ya tarar kowa yana zaton ya san abin da bai sani ba. Fifikonsa a kansu, in ji shi, bai wuce cewa shi ba ya zaton ya san abin da bai sani ba.

Maganar ta yi doguwar tafiya bayan nan. A 1735 masanin tsirrai da dabbobi ɗan Suwidin, Karl Linne, da ya zo jera halittu aji-aji, ya sanya ɗan Adam cikin jerin, kuma maimakon ya siffanta shi kamar sauran, sai ya rubuta wannan take a gefen sunansa. A 1999 ta fito a fim ɗin Amurka The Matrix da wata siga, «Temet nosce», a rataye bisa ƙofar kicin. Da ta iso intanet na yau sai ta sake kama. Yanzu ana ɗora ta a ƙarƙashin hoton da mutum ya ɗauki kansa, da nufin cewa ni na daban ne, zuciyata nake bi, ba mai gaya mini. Maganar da aka yi don ta sauke mutum daga kan tudu ta koma tsanin hawa tudun.

Hausa ta taimake mu a nan, don tsakanin «san kanka» da «son kanka» wasali guda ne. Kuma Bahaushe ya daɗe da sanin wanne ne na kirki. In aka ce wane ya san ciwon kansa, ana nufin ya san abin da ke wuyansa, yana tashi ya nemi na kansa, ba ya jiran a yi masa. Muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duka biyun a kan gane gurbin da ke jikinka suke magana, daidai da abin da aka nufa a Delfi.

A cikin aji wannan sani yana da kama guda da kowane malami ya sani. Ka gama bayani a tabulo, ka juyo ka ce kun gane, aji duka ya amsa da murya ɗaya, «Wi, mushe!» Kai ka san rabinsu ba su gane ba, su ma sun sani. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce «mushe, ni ban gane rabawa ba, tun daga layi na biyu na ɓace», shi ne ya cika taken, ko da bai taɓa jin sunan Latin ba. Kuma ba zai ɗaga hannun ba sai in ya tabbata ba za a yi masa dariya ko bulala ba. Makarantar da ta rubuta «san kanka» a ƙofa, amma faɗin «ban gane ba» ya zama abin kunya a cikinta, ta ƙaryata allonta.

Akwai wani take da makarantu ke ƙauna ƙwarai, «Non scholae sed vitae discimus», wato ba don lakwal muke koyo ba, don rayuwa ne. Ana jingina shi ga Seneka, masanin Rum da ya koyar da sarki Nero, ya kuma mutu a shekara ta 65 miladiyya. Amma Seneka, a wasiƙarsa ta 106, akasin haka ya rubuta. Kuka yake yi cewa masu ilimin zamaninsa don makaranta suke koyo, sun bar rayuwa a gefe. Daga baya ne aka juya kalmomin aka mayar da kukan kirari. Da zai leƙo ya ga yadda muke shibta wa yara taƙaitaccen darasi su kwafe a kaye, su haddace don jarrabawar BEPC, su manta da shi kafin damina ta wuce, ina jin kukan nasa zai maimaita. Malamin da ya san wannan tarihi ba zai ƙara kallon taken a matsayin yabon makarantarsa ba. Zai riƙa jin sa kamar tambayar da ake yi masa kowace safiya.

«Per aspera ad astra» kuma sai an yi hattara da shi. Jihar Kansas ta Amurka ta ɗauke shi a matsayin takenta a 1861, da sigar «Ad astra per aspera», kuma an rubuta shi a allon tunawa da ƴan sama jannati 3 na kumbon Apollo 1 da suka mutu a gobara a watan Janairu 1967. Magana ce mai kyau ga yaron da ke fama da lissafi ko yake tashi da asuba don bitar darasi. Amma ba kowace wahala ce ke kai mutum ga taurari ba. Zama a ƙasa babu benci, aji mai cunkoso da malami ba ya iya kaiwa ƙarshensa, yarinya da ke zuwa lakwal ba ta karya kumallo ba, waɗannan ba horo ba ne, gazawar manya ce. Ba mu manta da gobarar ajujuwan zana ta Yamai a watan Afrilu 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekara ba, inda muka rasa ƙananan yara, Allah ya jiƙansu. Kada mu bari kyakkyawar magana ta zama mayafin da muke rufe abin da ya kamata mu gyara. Ya kamata yaro ya iya bambanta wahalar da ake jurewa da wadda ake tashi a kawar.

Wani abin kuma, taken nan ba bakinsu ɗaya ba. «Festina lente», wato yi sauri a hankali, magana ce da aka ce sarki Agustus, sarkin Rum na farko, yana yawan faɗa wa kwamandojinsa, kuma ƴar uwar «sannu ba ta hana zuwa» ce. Ga kuma taken wasannin Olamfik, «Citius, altius, fortius», ƙara sauri, ƙara tsawo, ƙara ƙarfi. Wanda ya ƙirƙiro shi ma malamin makaranta ne, Henri Didon, wani limamin Kirista da ke shugabantar wata makaranta kusa da Faris. A 1891 ya yi wa ɗalibansa shi don wasannin motsa jiki, kafin kwamitin Olamfik ya ɗauke shi a 1894. To wanne za mu ce wa yaro, ya yi sannu ko ya ƙara sauri? Ya danganta da yaron. Mai gaggawar da ke miƙa takarda bai sake karantawa ba, na farko ne maganinsa. Mai nawar da ya gamsu da matsakaicin maki, na biyu ne. Bango ba ya iya wannan zaɓi, sai malamin da ya san ɗalibinsa. A watan Yuli 2021 ma kwamitin Olamfik ya ƙara kalma ta huɗu, «Communiter», wato tare. Shekara 127 suka ɗauka kafin su rubuta abin da kowace tsohuwa a ƙauyenmu ke faɗi, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san akwai abokan aiki da za su ce, to in haka ne me ya kai mu Latin tun farko? Kayan Nasara ne, kuma a daidai lokacin da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, me zai sa mu riƙa rataya harshen da ya mutu a ƙofofinmu? Na fahimci zafin da ke cikin maganar, amma ban yarda da ƙarshenta ba. Haruffan da nake rubuta wannan sharhi da su daga Latin suka zo. Kalmar «lakwal» kanta jikar Latin ce: «schola» ta zama «école» a bakin Faransawa, mu kuma muka haɗa ta da «l'» da ke gabanta muka ce lakwal. Yaron da aka nuna wa cewa «vita», rayuwa, ita ce uwar «vie» da «vital» da «vitamine», ko cewa «discere», koyo, dangin «disciple» ce, ya sami makullin buɗe kalmomin Faransanci masu yawa da zai haɗu da su har zuwa bak. Ilimi ba ya da ƙabila. Abin ƙi shi ne a bar shi a kulle, yaro yana leƙen sa ta taga.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raina namu. Yaranmu da yawa suna shafe shekarun farko na lakwal suna maimaita Faransancin da ba su ji, har su saba da cewa abin da ake faɗi a makaranta ba don a gane ba ne, don a maimaita ne. In muka ƙara musu Latin a bango ba fassara, mun ƙara ɗaure wannan ƙulli. Alhali kuwa wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da «mutumin kirki», ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kowace kalma a nan take ce da kanta. Bayan motocinmu na kasuwa ma cike yake da irinsu: haƙuri maganin zaman duniya, duniya makaranta. Direba ya rubuta abin da ya gane kuma ya yarda da shi, shi ya sa kowa ke karantawa ya gyaɗa kai.

A ajina nakan ɗauki kwata ɗin awa sau ɗaya a wata don wannan. Ina rubuta take guda na Latin a tabulo, mu warware shi kalma-kalma, in ba su labarin inda ya fito, sannan in ce kowa ya je gida ya tambayi tsofaffi karin maganar da ta yi daidai da shi. Abin da suke dawowa da shi yakan fi abin da na zata yawa. Ranar da muka yi «Per aspera ad astra», gardama ta kaure tsakanin masu «bayan wuya sai daɗi» da masu «mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa». Wata yarinya ta ce ita ta fi son ta biyun, don taurari ba wanda ya taɓa taɓa su, romo kuwa ana sha. Daga ƙarshe kowa yakan rubuta a kayensa abu guda da zai yi cikin watan saboda taken: wani ya ce zai riƙa tambaya in bai gane ba, wata ta ce za ta riƙa sake karanta takardarta kafin ta miƙa. Ƙarshen wata mu duba wa ya cika. Ba a buƙatar littafi ko kuɗi don yin haka, kuma kakar da aka tambaya a gida takan ji cewa ita ma tana da abin da lakwal ke buƙata.

Don haka ga roƙona. Ga masu makarantu da daraktoci, in kun zaɓi taken Latin, ku rubuta fassararsa a ƙarƙashi da harshen da yaran unguwar ke ji, Hausa ce ko Zabarmanci ko Fulatanci ko wani, da haruffa masu girma daidai da na sama. Ga ƴan uwana malamai, kada mu rataya maganar da mu kanmu ba mu iya bayaninta ba, kuma mu tuna «Docendo discimus» da mu take. Malamin da zai iya ce wa ajinsa «wannan ban sani ba, zan bincika in dawo muku gobe» ya koyar da sanin kai fiye da kowane allo.

Ga uwaye kuma, abu biyu. In kun je neman wa ɗanku makaranta kun ga Latin a ƙofa, ku tsayar da ɗalibi guda ku tambaye shi me yake nufi. Amsarsa za ta nuna muku abin da ke gudana a ciki fiye da fentin bango. In kuma kun ga ɗanku ko ɗiyarku sun rubuta irin wannan magana a salula, kada ku yi musu ba'a, kada ku ce sun zama Nasara. Alama ce yaron ya soma tambayar kansa. Ku zauna da shi bayan cin tuwon dare, ku ce ya fassara muku, ku ji yadda ya fahimce ta, sannan ku ba shi wadda uwayenku suka ba ku lokacin da kuke shekarunsa.

Kafin komawar lakwal ta gaba, kafin a kira mai fenti, ina fatan kowane kwamitin makaranta ya zauna da malamai da uwaye a kan wannan tambaya guda: abin da za mu rubuta a ƙofa, wane ne a cikinmu zai iya bayaninsa ga ɗan aji ɗaya? Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon aikata abin da muke rubutawa.